Jawabin Maraba ga Kwamishinan Albarkatun Ruwa na Jihar Nasarawa a Garin Awe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, Mai Martaba Sarkin Awe, Allah ya ja zamaninka, shugaban ƙaramar hukuma, malamai, iyayenmu mata, jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya, barka da zuwa Awe. An ce ba baƙo ruwa ka sha labari. To yau ruwan shi ne labarin.

Gishiri ne ya fito da sunan garin nan, kamar maƙwabtanmu na Keana. Da shi iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya, suka kai wasu makaranta. Amma gishirin bai tsaya a tafki ba, yana can ƙarƙashin ƙasa. Sai a kashe kuɗi a haƙa burtsatse, a yi murna, a ɗebo, a ji zartsi. Ba ya kashe ƙishi, sabulu ba ya kumfa da shi, ƙarfen famfo ma cinye shi yake. Rani na yi sai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, mai kuɗin saye ke nan.

Saboda haka ba ƙarin rijiya muke roƙo ba, ranka ya daɗe. Injin cire gishiri muke roƙo, irin wanda ke matsa ruwa ta cikin mataci mai ƙananan ƙofofi, gishirin ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita; na zartsi bai kai haka ba, don haka tace shi ya fi arha, sola ma za ta iya ɗaukar aikin. Ƙasar Tunisiya ta kafa irin wannan matata a Gabes tun 1995, kuma hukumar ruwa ta gwamnati ce ke riƙe da ita.

Nan ne muke so a duba da kyau. Matacin yana toshewa, sai an canza. In aka sayi inji ba a ware kuɗin kula da shi a kasafin kowace shekara ba, rumfar awaki aka gina. A saka kuɗin gyara, a koya wa matasanmu aikin. Ragowar ruwan mai kaurin gishiri kuwa, kada a zubar ya ƙone gonaki. A gwada shi, in ya yi, masu dafa gishiri na jira.

Ga ƙoƙo biyu a gabanka, ranka ya daɗe, ɗaya daga burtsatse, ɗaya na sayarwa. Bismilla, a fara da na dama.