Amsoshin Tambayoyinku: Martha Ballard, Ungozomar Kogin Kennebec

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Takardarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗalibar makarantar koyon ungozoma a Damagaram. Tana cewa malamarsu ta ambaci wata tsohuwar ungozoma ta Amurka mai suna Martha Ballard, tana son a ba ta tarihinta da na zuriyarta.

To, malama, an haifi Martha a 1735 a garin Oxford na yankin Massachusetts, tun Turawan Ingila na mulkin wurin. Sunan gidansu Moore. Ta auri Ephraim Ballard, mai aikin awon filaye, a 1754, suka haifi 'ya'ya tara. A 1769 annobar mashaƙo ta ɗauke uku daga cikinsu, cutar nan dai da ta addabi Kano a 2023. Daga baya suka ƙaura zuwa Hallowell, a bakin Kogin Kennebec, cikin jihar Maine ta yanzu.

Abin da ya sa har yau ake maganarta shi ne littafin da take rubuta al'amuranta na kullum. Ta fara shi a farkon 1785, tana dab da cika shekara 50, ba ta ajiye alƙalami ba sai da ajali ya zo a 1812. A cikinsa ta lissafa haihuwa 816 da ta karɓa. Takan rubuta gidan da aka kira ta, da yadda naƙuda ta kasance, da ladan da aka ba ta, wanda galibi sule shida ne, wani lokaci kuma a biya ta da kayan abinci ko yadi. Ta sha ƙetare kogi cikin dare a kwalekwale, in hunturu ya yi kuma ta taka bisa ƙanƙara. Ga jinyar marasa lafiya da ganyayen lambunta, ga wankan gawa, ga saƙa da 'ya'yanta mata.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne shekarar 1804. An ɗaure maigidanta fiye da shekara guda saboda ya kasa haɗa harajin gari da aka ɗora masa karɓa. Tana kusan shekara 70, ɗanta Jonathan ya kwaso iyalinsa ya tare a gidan, ita kuma ta koma ɗaki guda tana fama da sanyi da ƙarancin itace. Duk wannan ta rubuta shi, kamar yadda take rubuta haihuwar maƙwabta.

Wani mai sauraro daga Kumasi kuma yana tambaya ko gaskiya ne tana da dangantaka da Clara Barton, wadda ta kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka a 1881. Gaskiya ne, malam. Kakar Clara, Dorothy, 'yar'uwar Martha ce ciki ɗaya.

Littafin kuwa ya yi ta yawo a hannun jikoki har ya kai ga Mary Hobart, wadda ta fito daga tsatsonta, ta kuma zama likita. Ita ce ta miƙa shi ga ɗakin karatu na jihar Maine a 1930, kuma yana can har yanzu.

Sai takarda ta gaba.