Ƙwayoyin da ke hanjin namun daji

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Sani ya ce sai mun leƙa cikin hanjin namun daji.

Sani: Malama, kin fara dariya tun ban buɗe baki ba. Kusan kowace dabba na ɗauke da tarin ƙananan halittu a hanjinta, bakteriya da danginsu, kuma sau da yawa su ke yanke abin da za ta iya ci. Akwai wani ɓera a hamadar Mojave ta Amurka da ke cin ganyen creosote, ganye mai guba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utah suka ba shi maganin kashe bakteriya, sai ya kasa jure ganyen, ya fara ramewa.

Zainab: Wato da ma ba ƙarfinsa kaɗai ba ne?

Sani: Ko kusa. Da suka ciyar da kashinsa ga ɓerayen da ba su saba da ganyen ba, sai juriyarsu ta ƙaru.

Zainab: Kai, Malam! Wasu na cin abinci fa yanzu.

Sani: To su yi haƙuri, don ba mu ma zo kan dorina ba. A kogin Mara na Kenya akwai dorina wajen 4,000. Da dare su fita kiwo, da rana su koma ruwa su yi ta kashi. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, kashin sai ya taru a gurbin da suke wuni har iskar oksijin ta ƙare a ƙasan ruwan. Su kuwa ƙwayoyin hanji da ma ba sa son oksijin, sai su ci gaba da rayuwa suna aikinsu a waje. Dorinar ta sha ruwan, ta sake haɗiye na 'yan'uwanta.

Zainab: Kifayen fa, ina suka tsaya?

Sani: Nan ne matsalar. In kashin bai yi yawa ba, abinci ne ga kogin. Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi ya kwashe gurbin gaba ɗaya, oksijin sai ya faɗi a can inda ruwan ya gangara, a wayi gari kifaye birjik a mace.

Zainab: Ni abin da ya fi damuna dabbobin da ake killacewa ne. Abinci ya sauya, ai hanji ma zai sauya.

Sani: Haka ne. Wani bincike na 2016 ya gano birai a gidajen namun daji sun rasa ƙwayoyinsu na asali da yawa, irin na mutane sun maye gurbi, saboda ƙarancin ganyayyakin da suka saba ci.

Zainab: To in an tashi mayar da su daji, awon jini kaɗai bai isa ba ke nan. A duba kashin ma.

Sani: Kin ga, ke ma kin shigo. Sai mako mai zuwa, za mu ɗauko ungulu.