Hannu kafin baki: yadda wankin gyambo ya buɗe wa 'yan mishan ƙofa

Jama'a, barkanmu da warhaka. A bayan birnin Kano akwai wani wuri da ake kira Yadakunya. Ku saurari sunan da kyau: ya da kunya. Asibitin masu cutar kuturta ne, kuma daga can za mu kamo bakin zaren bayaninmu na yau, wato me ya sa Kiristocin da ke fita aikin bishara sukan fara da hannu kafin su buɗe baki.

Mu koma shekarar 1900. Wata tawagar cocin Angilika ƙarƙashin Bishop Tugwell ta taso takanas har Kano da niyyar wa'azi, cikinsu har da wani matashin likita mai suna Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai tsaya wata-wata ba, ya ce su tattara ya-nasu-ya-nasu su bar masa gari. Suka juya, suka yada zango a Girku, wani gari a ƙasar Zazzau. Ko bayan da Turawa suka ci ƙasar, ba ta sauya zane ba, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, ana nuna musu hanyar wurare irin su Filato, inda ake bin addinin gargajiya. Shi Miller ya samu zama a birnin Zariya, amma daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa.

To, ƙofar da wa'azi ya ƙwanƙwasa ta ƙi buɗuwa, kuturta ce ta buɗe ta.

A shekarun 1930 cutar ta yi yawa a Arewa, hukumomin En'e kuma ba su da isassun ma'aikatan da za su kula da masu ita. Sai aka yi yarjejeniya da wata ƙungiyar 'yan mishan mai suna Sudan Interior Mission (SIM) ta karɓi ragamar sansanonin jinya: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, mu ga irin aikin. Kuturta tana kashe jijiyoyin ji. Mutum zai taka ƙaya bai sani ba. Mace za ta sauke tukunya daga murhu, hannunta yana ƙuna, ita ba ta ji. Yau ɗan rauni, gobe gyambo, a hankali yatsu su gutsure. Maganin da ake da shi a lokacin allurar wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata itaciyar Asiya, ga zafi, ga ƙarancin amfani. Sai daga baya aka samu ƙwayar dapson, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke warkar da cutar sarai. Kafin nan fa? Yawancin aikin ruwan ɗumi ne da sabulu da bandeji. A durƙusa gaban mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya, a ɗora ƙafarsa a cinya, a wanke, a ɗaure. Gobe a sake. Jibi ma haka.

Ga Kirista, wannan durƙuson yana da asali. A Linjilar Yohanna sura 13, Yesu ya tashi daga cin jibi, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawan gida ke yi, sannan ya umarce su su yi wa juna haka. A Markus sura 1, da kuturu ya zo roƙonsa, hannu ya miƙa ya taɓa shi. A Matiyu sura 25 kuma ya ce wanda ya ciyar da mayunwaci, ya sauki baƙo, ya dubo maras lafiya, shi ya yi wa. Shi ya sa mai bishara zai ce maka ita hidimar kanta wa'azi ce.

Haka abin ya bazu: asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, da cibiyar kuturta ta Danja kusa da Maraɗi. Har gobe mafi yawan masu zuwa Galmi neman magani Musulmi ne.

Sai dai kada mu yi tuya mu manta da albasa. Tun a wancan zamanin akwai masu cewa maganin ƙugiya ce, an saƙala mata nama. Kuma zargin yana da tushe, don wasu majinyata da 'ya'yansu da suka tashi a makarantun sansanin sun karɓi Kiristanci, abin da bai yi wa iyaye da malamai da yawa daɗi ba. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa suna son mutane su bi Almasihu ba. Abin tambaya shi ne, wanda ya sha magani ya ce na gode, ina nan kan addinina, gobe za a wanke masa gyambon da irin kulawar jiya? A ganina nan ne ake gane hidima ta gaskiya da ciniki.

Yanzu salon ya sauya. Maimakon mutum ya zo ya share shekara talatin, sai ka ga matasa daga Amurka ko Koriya ta Kudu sun tafi wata ƙasa na mako ɗaya ko biyu. A nan gida ma matasan coci da Zumuntar Mata sukan haɗa gudummawa su shiga ƙauye da ma'aikatan jinya, a duba marasa lafiya, a gyara rijiya, a raba tufafi. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM a 1954, tana da sashenta na aika masu bishara.

Su kansu Kiristoci suna muhawara kan waɗannan gajerun tafiye-tafiye. Wani zai ce, kuɗin jirgin mutum goma da suka zo fentin aji ɗaya, da an ba mai fenti na garin, da ya yi makarantar duka ya kuma ciyar da iyalinsa. Ga kuma ɗaukar hoto da yaran mutane ana watsawa a Facebook, alhali Matiyu sura 6 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar. Tawagar da ta san abin da take yi takan fara da gaisuwa wurin dagaci, ta tambayi mutanen gari abin da ke damunsu, ta ci tuwon da aka kawo mata, ta yi aiki ƙarƙashin faston da zai ci gaba da zama a wurin bayan motar baƙi ta tashi.

Dama can, ko a sansanonin kuturta, ba Turawa kaɗai ke riƙe da daron ba. Da yawa daga cikin masu ɗaurin gyambon 'yan ƙasa ne, wasunsu ma tsofaffin majinyata da suka samu sauƙi aka koya musu aikin. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi asibitocin mishan da dama, yawancin Turawan suka koma gida, su kuwa waɗannan suka ci gaba da fitowa aiki da sassafe.