Firintar Rasit Ta Ƙi Bugawa? A Duba Kebul Kafin A Kai Ta Gyara

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan da kuke gani ƙaramar firintar rasit ce, irin ta shagunan magani da kantunan Garwa da Marwa, an haɗa ta da kwamfuta ta kebul ɗin siriyal, wato tsarin RS-232 da ake amfani da shi tun shekarun 1960. Fitilarta na kunne, takarda na ciki, amma an tura rasit ko motsi ba ta yi ba.

Da farko a kashe ta, a danne maɓallin fitar da takarda, sannan a kunna ta yatsa na kan maɓallin. Yawancin irinsu, kamar na Epson, za su buga takardar gwaji. Idan ta fito, ɓangaren buga rubutu na firinta lafiyarsa ƙalau, kuma a jikin takardar za a ga saurin da take karɓar saƙo, misali 9600 ko 38400. Sai a buɗe wurin saita na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, wato Gestionnaire de périphériques, tunda kwamfutocinmu da dama da Faransanci suke, a shiga saitin tashar COM, wato ramin siriyal da firinta ke haɗe da shi, a sa lamba iri ɗaya. In lambobin sun saɓa, takarda za ta fito da rubutu babu kai babu gindi.

Amma a ganina, kebul ne ya fi yaudarar mutane, domin miƙaƙƙe da mai harɗaɗɗiyar waya kamanninsu ɗaya daga waje. A ramin kwamfuta mai fil 9, fil na 2 ne ke karɓa, na 3 ke aikawa, na 5 kuma shi ne na wayar ƙasa, wato “ground”. Firintar rasit galibi mai harɗe take buƙata, domin bakin ɗaya ya dace da kunnen ɗaya, wato fil mai aikawa ya haɗu da mai karɓa. Ku gwada kebul ɗin da mita, wato na'urar da ke nuna wane fil ne ya haɗu da wanne. A kebul mai harɗe, idan kawunan biyu masu fil 9 ne, na 2 zai haɗu da na 3 a ɗaya ɓangaren. Idan kuwa na firinta mai fil 25 ne, na 2 da na 2 za su haɗu, na 5 ya tafi na 7, saboda a babban kan an juya aikin lambobin. Nan ne ko masu gyara suke ruɗewa, su jefar da kebul mai kyau.

Idan gajeren rasit na fita daidai amma dogo ya yanke a tsakiya, to a daidaita yadda firinta ke ce wa kwamfuta ta dakata, ko DTR/DSR ko XON/XOFF, iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Mai amfani da adaftar USB kuma ya lura, sauya mata rami kan sauya lambar COM, manhajar shago kuwa tana nan tana neman tsohuwar.