Lacca a kan "look for": nema daban, samu daban

Assalamu alaikum. Ɗalibai, yau za mu tsaya a kan aikatau guda na Turanci, wato "look for", wanda yake cikin rukunin da ake kira "phrasal verb", inda aikatau yake haɗuwa da wata 'yar ƙaramar kalma, sai ma'anarsa ta sauya gaba ɗaya. "Look" shi kaɗai dubawa ne, amma da zarar "for" ta biyo bayansa, ya koma nema.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗalibanmu da yawa suke rubuta "I am finding my key" alhali suna nufin suna neman makulli, ba su gan shi ba tukuna. Wannan ya samo asali ne daga Turancin buroka, inda ake cewa "I dey find my key", kuma a can daidai ne, sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja masa jan biro. Bahaushe kuwa bai kamata ya faɗa wannan rami ba, domin harshensa ya riga ya raba masa abubuwan biyu tun da ya ce mai nema yana tare da samu. "Look for" shi ne neman, "find" shi ne samun, kuma mutum yana iya yini yana na farko bai kai ga na biyu ba. Saboda haka ku ce, "I looked for my key, but I did not find it."

Haka "for" take aiki da "search". Idan aka ce "The police searched the driver", direban yana hannu, ana caje shi ne. Idan kuwa aka ce "searched for the driver", to ya ɓace, nemansa ake yi. Ku dubi irin ɓarnar da ɗan jarida zai yi idan ya yar da wannan kalma mai haruffa uku.

Sai batun jeri. Ba a raba "look" da "for", ko da abin da ake nema wakilin suna ne, don haka "look for it" ake cewa. Ɗan'uwansa "look up", wanda ake amfani da shi wajen binciko kalma a ƙamus ko bayani a intanet, shi dole wakilin suna ya shiga tsakiyarsa: "look it up".