Muryar Bidiyonka Kamar Daga Cikin Rijiya? Ga Inda Matsalar Take

[Hoto: ɗaliba a zaune cikin aji ana hira da ita. Hoton garau, muryar can ƙasa.]

Ku ɗan kasa kunne tukuna.

[A bar sautin ya tafi daƙiƙa biyar.]

Hoton nan ba shi da aibu. Haske ya zauna, fuska ta fito, har an bar mata fili ta gefen da take kallo, yadda malami ya koyar. Amma tsakani da Allah, kalma nawa kuka kama daga bakinta?

Duk ƙarshen zangon karatu, idan ɗaliban aikin rediyo da talabijin suka fara haɗa aikin da za su miƙa, tambaya ɗaya ce take ta yawo, kuma kwanan nan ta yi yawa: "Na ƙure sautin a wajen tacewa, sai huci da ƙugi suka ƙaru, wace manhaja ce za ta wanke min shi?" To yau a kan wannan za mu zauna. Sauran matakan a guje za mu bi su.

[Hotuna a jere, da sauri: takardar rubutu, zanen fitowa-fitowa, kyamara a kan ƙafa, kwamfutar tacewa.]

Aikin kwas irin wannan kashi uku ne. Akwai shiri: ka rubuta labari, ka tsara hotunan da kake so, ka nemi yardar wanda za ka tattauna da shi, ka je ka duba wurin. Akwai ɗauka. Sai tacewa. Ɗalibai da yawa suna ajiye maganar sauti sai kashi na uku, alhali tun a na biyu aka gama yanke masa hukunci, a daidai lokacin da aka zaɓi inda makirufo zai zauna.

[Hoto: tef ɗin awo shimfiɗe a ƙasa, mai magana a tsaye a bakinsa.]

Kowa ya san murya tana raguwa da nisa. Saurin raguwar ne ba a lura da shi. A buɗaɗɗen fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar da ke isowa yana sauka da kusan desibel 6 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti). Mu gani da idonmu.

Ga makirufo a santimita 20. Ku ji.

Mun ja shi zuwa 40. Desibel 6 sun tafi.

Yanzu 80. Sun zama 12.

160, sun zama 18.

Ga shi a 320, wato mita uku da ɗan ɗori, kusan inda ɗalibi yake kafa kyamararsa don ya samu hoto mai kyau. Desibel 24 ke nan muka yi asara, kuma a can ne ɗan makirufon da ke jikin kyamara yake.

[Kyamara ta ɗaga zuwa fankar da ke juyawa a sama.]

Ita kuwa baiwar Allah fanka, ba ruwanta da ka matsa ko ba ka matsa ba. Ƙararta ta cika ɗakin, kusan yadda take a nan haka take a can. Haka na'urar sanyaya ɗaki, haka motocin da ke wucewa a waje, haka masu surutu a baranda. Muryar da kake nema ce kaɗai ta ragu, su suna nan daram.

Ga kuma bango. A aji mai siminti da gilashi, murya tana bugun bango ta dawo, ta bugi rufi ta dawo. Idan makirufo yana kusa da baki, muryar da ta zo kai tsaye tana danne waɗannan. Idan ya yi nisa, sai amsa-kuwwar ta fi muryar ƙarfi. Wannan shi ne abin da kuka ji a farko.

[Hoto: allon tacewa, yatsa na tura sauti sama.]

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa idan aka zo gyara. Na ƙara desibel 24 don muryar ta dawo yadda take. Ta dawo kuwa. Amma fanka ma ta samu nata 24 ɗin, amsa-kuwwa ta samu, hucin na'urar kanta ya samu. Duk suna cikin fayil ɗaya a gauraye, abin da ya ɗaga ɗaya shi zai ɗaga sauran. Ratar da ke tsakanin murya da hayaniya tun a wurin ɗauka ta kafu, maɓallin ƙara sauti ba ya taɓa ta ko kaɗan. Idan wannan kaɗai kuka riƙe daga bidiyon nan, wallahi na gamsu.

Akwai wani ruɗu da ke biye da wannan. Kyamara tana iya jawo fuska daga nesa, sai mutum ya zaci makirufo ma haka yake, musamman dogon nan mai kama da bindiga. Shi ba ya jawo komai. Aikinsa ya rage abin da ke shigowa ta gefe, ya fi saurarar inda aka nuna shi. Idan yana mita uku, to yana mita uku.

[Hoto: hannu na maƙala ƙaramin makirufo a gaban riga.]

Magani shi ne a raba makirufo da kyamara. Kyamara ta tsaya inda hoto ya fi kyau, makirufo ya tafi wajen baki. Idan na maƙalawa ne, a sa shi a ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbata mayafi ko sarƙa ba sa gogarsa. Idan na sanda ne, mai riƙewa ya sauko da shi ta sama har sai ya leƙo cikin hoto, sannan ya ɗaga kaɗan ya ɓace, bakinsa na kallon bakin mai magana. Hannu zai gaji, haka aikin yake.

Wanda bai samu kayan ɗauka na sashensu a makaranta ba, kada ya karaya. Waya ta biyu da aka ajiye kusa da mai magana tana ɗaukar murya ta fi makirufon kyamara mai tsada da ke can nesa. Kafin a fara, wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya.

[Tafi. A nuna tsinin da ya fito a layin sauti biyu.]

Kun ga tsinin nan a sama da ƙasa? Ku daidaita su, baki da murya sun haɗu. In na'urar tana ba da zaɓi, a sa ta a kilohaz 48, wato ta riƙa auna sautin sau dubu 48 a kowace daƙiƙa, shi ne abin da aikin bidiyo ya saba da shi.

[Hoto: ma'aunin sauti, kore, rawaya, ja.]

Sai ma'auni. A na'urar dijital sifili shi ne rufi, babu komai a samansa. Muryar da ta kai can sai ta tsage, kan igiyar sautin ya yanke, kuma abin da ya yanke ba a ɗauke shi ba balle a dawo da shi. Ku bar mafi ƙarfin magana yana kaiwa tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili. Wajen gwaji kuma kada ku ce wa mutum ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin ba wanda yake magana haka. Ku yi masa tambayar da za ta sa ya saki jiki, in da hali har ya yi dariya, a nan za ku ga iyakar muryarsa. Ku kashe tsarin nan da na'ura take daidaita ƙarfi da kanta, domin da zarar mai magana ya yi shiru sai ta ɗago hayaniyar ɗaki tana neman abin ji.

Ni a wajena, ɗaukar sauti babu hedifon a kunne daidai yake da ɗaukar hoto ido a rufe. Ma'auni ƙarfi kawai yake nunawa. Ba zai gaya maka wayar makirufo tana ƙara ba, ko iska tana bugun makirufo.

Kafin a naɗe kaya, kowa ya yi tsit, a ɗauki shirun ɗakin na kamar daƙiƙa 30. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, don kada sauti ya riƙa ɗaukewa ɗif tsakanin jimla da jimla.

Na san wani zai ce, ai yanzu akwai manhajojin da ke cire hayaniya. Akwai, kuma suna taimakawa idan muryar tana da ƙarfinta, hayaniyar ce 'yar kaɗan. Idan muryar ta nutse, manhaja sai ta shiga cinye ƙarshen kalmomi, mutum ya koma magana kamar na'ura. Kuma kwas ɗin an sa shi ne don hannunka ya iya, ranar da za a tura ka shirin kai tsaye babu tacewa ko ta daƙiƙa ɗaya.

[Hotuna da sauri: yanka, sa kiɗa, fitar da fayil.]

Tacewa a taƙaice: a yanke, a daidaita muryoyi su zo ɗaya, kiɗa ya zauna ƙasa da magana. Tashoshi suna da ma'aunin ƙarfin shiri gaba ɗaya. Ƙungiyar tashoshin Turai, EBU, ta fitar da nata a 2010, wato R128, ta tsayar da shi a LUFS 23 ƙasa da sifili (LUFS awon ƙarfin sauti ne yadda kunne yake jin sa). A Amurka 24 ake bi, kuma a 2010 ɗin ce aka sa hannu kan dokar da ta hana talla ta fi shiri ƙara. Ku duba takardar aikin ku ga wanne malaminku ya nema, kusan duk manhajar tacewa tana da ma'aunin. In kun fitar da fayil, ku saurare shi a hedifon, ku sake saurararsa ta lasifikar waya, sannan ku miƙa.