Darasi: Gyaran Ƙarshen Layi Tsakanin Windows da Linux

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu taɓo wata matsala da ido ba ya ganinta. Ka rubuta fayil a Windows, ka kai shi Linux don ya yi aiki, sai kwamfuta ta ce maka "bad interpreter", ga kuma wata alama ^M manne a bayan /bin/bash, wato manhajar da ke gudanar da umarnin da ke cikin fayil ɗin. Ka bi rubutun layi-layi, ba ka ga kuskure ba. To, laifin yana ƙarshen layi.

Duk sanda ka danna Enter, kwamfuta tana ajiye wata ɓoyayyiyar alama. Abin ya samo asali daga tsofaffin injunan buga saƙo. Alamar CR, mai lamba 13 a tsarin ASCII da ke ba kowane harafi lamba, ita ke mayar da kan inji farkon layi, LF kuma mai lamba 10 ta tura takarda gaba. Windows ta gaji dukkan biyun daga DOS, tana sa CR sannan LF. Linux kuwa LF kaɗai ta sani. Mac a da CR take amfani da shi, sai da Mac OS X ta fito a 2001 ta koma LF. Wannan ^M da kuka gani, CR ɗin ne Linux ta ɗauka wani ɓangare ne na sunan manhajar.

Yanzu ku duba allona. Don Allah kafin ku canza komai, ku fara bincikar fayil ɗin. Fayil ɗina na umarni sunansa gwaji.sh, na rubuta umarnin file gwaji.sh, kun ga ta amsa da "with CRLF line terminators". Bari in ƙara da cat -A gwaji.sh. Yauwa, ga shi nan, kowane layi ya ƙare da ^M kafin alamar $.

Gyaran ba wuya: dos2unix gwaji.sh, shi ke nan. In kuma Windows za ka mayar da shi, unix2dos ne. Sai dai a kan fayil ɗin kansa yake yin aikin. Mai son asalin ya tsira sai ya rubuta dos2unix -n gwaji.sh sabo.sh, kuma ni haka na fi so.

Idan babu dos2unix a kwamfutarka, ga sed -i 's/\r$//' gwaji.sh. Ma'anarsa, duk CR da ke daidai ƙarshen layi a cire shi. Wasu na amfani da tr -d '\r', amma a yi hattara. Kada ka karanta daga fayil ka kuma zuba sakamakon cikin shi ɗin dai, domin za a share abin da ke ciki tun kafin tr ya fara karantawa, ka tashi da fayil wayam.

Wanda ba ya son buga umarni, a manhajar gyara rubutu ta VS Code ya duba can ƙasa ta hannun dama, zai ga CRLF ko LF. Ya danna, ya zaɓa, ya adana. A Notepad++ yana cikin Edit, sai EOL Conversion.

Abin da na fi jin tsoro shi ne mutum ya sake wa babban folda umarnin sed gaba ɗaya. Hoto, bidiyo da fayil ɗin zip ba rubutu ba ne, lamba 13 a cikinsu bayanai ce. Hoton PNG ma tun a farkonsa akwai CR da LF da aka sa da gangan, don a gane idan an taɓa shi. Ka cire su, hoton ya daina buɗewa. Shi dos2unix yakan tsallake irin waɗannan, sed kuwa ba ruwansa.

Masu aiki tare a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, kada ku zauna kuna gyara da hannu kullum. Ku ƙirƙiri fayil .gitattributes, ku sa * text=auto a layin farko, a na biyu kuma *.sh text eol=lf. Da wannan, ko a Windows aka sauke aikin, fayilolin sh za su zo da LF.